Sifilin da Na Rubuta a Kan Burtun Kurmin Bayan Ushafa

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Sashen Tattara Bayanan Namun Daji da Tsirrai,
Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ranka ya daɗe, sunana Habibu Sale, malamin daji ne ni, ina zaune a Dutsen Alhaji. Shekara bakwai ke nan ina zuwa wani ɗan kurmi a tsallaken rafi bayan Ushafa, sau ɗaya a wata, in ƙirga tsuntsaye, in cike fom, in miƙa wa ofishinmu, su kuma su tura wa rumbun bayananku. Na rubuto a fili ne saboda sau uku ina zuwa ofishinka, kullum sai a ce oga yana taro. Ba na jin haushin taro, amma katafila ba ta jiran a tashi.

Ga abin da ya faru. An saka kurmin nan cikin filin da za a yanka domin gina rukunin gidaje, har masu awo sun kafa alamomin siminti. Kafin a ba da izini an nemi rahoton muhalli. Masu rahoton suka ɗebo bayanai daga rumbunku, suka rubuta cewa babu wani tsuntsu mai wuyar samu da ke hayayyafa a wurin. Alhali kuwa akwai burtu biyu, mace da namiji, da ke ƙyanƙyasa a kogon wani tsohon maɗaci kowace damina. Duk wanda ya san dajin nan ya san yau ganin burtu ya zama abin ba da labari.

Ban ce wani ya yi ƙarya ba. Na bi sawun maganar, kuma ga inda ta ɓace.

1. Daga Yuli zuwa Satumba rafin yakan cika, ba ya tsallakuwa, don haka ba na zuwa. Shekarar farko na bar gurbin watannin nan fayau, kwamfuta ta ƙi karɓar fom ɗin. Mai shigar da bayananmu, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta ce in sa sifili kawai, ai kowa ya san ma'anarsa ba a je ba. Gaskiyarta, kowa a ofishinmu ya sani. Abin da ba mu sani ba shi ne a tsarinku sifili na nufin an je, an duba, ba a ga komai ba. Wata uku sau bakwai, sifili ashirin da ɗaya ke nan, duk a daidai lokacin da burtun ke kwance kan ƙwai. Da rani kuma sukan bazama nesa neman abinci, sai jefi-jefi nake cin karo da su. Haka masu gida suka koma 'yan wucewa a takarda.

2. Akwai wanda ba ya buƙatar tsallaka rafin, domin a can gidansa da gonarsa suke: Baba Danladi, dattijon manomi wanda aka haifa a yankin, matarsa na ginin tukwane. Da zarar ruwa ya janye nakan je mu zauna a gindin ɗorawa, ya zayyana mini ranar da macen ta shiga kogo, da ranar da ɗan ya leƙo. Duk na rubuta su a akwatin ƙarin bayani da ke ƙasan fom ɗinmu, shekara bakwai ban tsallake ko ɗaya ba. Sai kwanan nan wani ma'aikacinku ya nuna mini cewa rumbunku ba shi da gurbin da ya dace da wannan akwati, saboda haka idan an tura bayanai, a bakin ƙofa yake tsayawa. Ya faɗa mini cikin ladabi, har da ba ni kujera. Na zauna kuwa.

3. Mu da sunan ƙauye mafi kusa muke rubuta wuri, ku kuma lambobin taswira kuke so. Da aka juya bayananmu, sai aka dasa su a tsakiyar Ushafa. 'Yan lokutan da na ga burtun da idona, a taswirarku suna yawo ne tsakanin masu sayar da tukwane.

Na kai wa Baba Danladi labarin rahoton. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Oga Habibu, wane ne ya zo ya duba ya ce babu? Ni ban gan shi ba. Tsuntsu ɗin yana nan, bara ma ta fitar da yaro ɗaya." Na yi ta kame-kame, ina cewa kwamfuta, ina cewa tsari. Kunya ta hana ni gaya masa cewa mutumin da ya ce babu yana zaune kusa da shi yana cin gyaɗarsa.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kaɗan, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ofishinka. A rubuta wa masu ba da izini cewa sifilin watannin damina na wannan wuri ba shaidar rashi ba ne, a dakatar da sharar kurmin har a sake dubawa. A zaunar da duk ofisoshin da ke turo muku bayanai a yarda da alama guda ta "ba a je ba", dabam da ta "ba a gani ba". A buɗe gurbi domin shaidar mutanen wuri irin su Baba Danladi, da sunan wanda ya gani. Sannan a bincika sauran wuraren, domin ba ni kaɗai rafi ke tarewa a ƙasar nan ba, kuma ina zargin ba ni kaɗai aka koya wa wannan dabara ba.

Ni na ɗauki nawa laifin. Jiya na koma na gaya wa Baba gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya dai ce bana in tsallaka kafin rafi ya cika, in kwana biyu a gidansa har macen ta shiga kogo, in gani da idona. Na amsa. Alamar siminti mafi kusa taku goma sha biyu ce daga gindin maɗacin, na auna da ƙafata. Hannuna ne ya rubuta cewa babu su, ranka ya daɗe, amma sa hannunka ne kaɗai zai hana maganata ta zama gaskiya.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Habibu Sale,
Dutsen Alhaji, Abuja.