Ku Rufe Lambar Mahaifiyata

Zuwa ga Mai Girma Darakta na kamfanin wayar da ya sayar wa mahaifiyata pus, wato layin waya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Salamatu, tela ce ni a Dogon Dutsi. Na yi ta sintiri a ajans ɗinku, wato ofishinku na nan, har ƙafata ta gaji, kullum sai a ce mini in dawo, shi ya sa na fito fili da wannan wasiƙa, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Na farko, ga abin da ya faru. Mahaifiyata, Inna, ta rasu damanar bara a Matankari. Ina tsaye aka yi mata wanka. Wayarta tana cikin akwatina a kashe. Lambarta kuwa mun bar ta a gurup ɗin dangi, dandalin hirarmu na waya, don babu wanda ya iya sa yatsa ya cire ta. In kewa ta taso wa wani, sai ya sake turo tsofaffin bokal ɗinta, wato saƙonnin murya, waɗanda take gaishe mu da su da safe, mu saurara mu sha kuka. Ba mu san kuna sake sayar da lambar mamaci ba. Wa ya taɓa gaya mana?

Bayan girbin bana, wata rana da hantsi, ina kan keke ina ɗinki, sai saƙo ya shigo. Sunan Inna, hoton Inna. Na danna. Muryarta ce, wallahi, har da ɗan tarin nan da take yi kafin ta fara magana. Ta ce inda take akwai ƙishirwa, a yi mata sadaka, a tura kuɗin ta wannan lamba. Na tsayar da keken. Ga rana ta fito, kasuwa cike da mutane, ni kuwa sanyi nake ji har cikin haƙora.

Abu ɗaya ya dawo mini da hankali. Muryar ta kira ni Salamatu. Ni ce 'yar fari, kuma a nan Arewa uwa irin Inna ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Tun ina goye har na aurar da ɗiyata, "ke" take ce mini, in ta matsu ta ce "yarinyar nan". Ko a ciwon ajali ba ta kama sunana ba. Wanda ya sayi lambar ya zauna shiru a cikinmu, ya kwashe muryarta, ya karanta sunayenmu, ya ba na'ura ta haɗa masa. Kunyar ce kawai bai gani ba a gurup.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni: Baba. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni, amma ya iya danna bokal. Mun cire lambar daga gurup, sai ta koma tana aika masa kai tsaye. Tana tambayarsa ciwon gwiwa. Tana ambaton jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ya sayar da tunkiyarsa ya tura, sannan ya fara taɓa hatsin rumbu. Gwaggona ta wajen Lugu ta ce kurwa ce ba ta kwanta ba. Ƙanena Isa, mai zafin wa'azi, ya ce zamba ce tsagwaronta, ya ƙwace wayar. Baba ya daina cin tuwo, dole aka mayar masa. Yanzu wuni yake a gindin bishiyar bedi, wajen da rezo, wato sabis na waya, ke kamawa, waya a tafin hannu, yana jira. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na durƙusa na yi masa bayanin sunan. Sai ya ce: "Ɗiyata, na sani ba ita ta ba. Bar mini dai muryar."

Na uku. Kullum a intanet ana ta musu, wasu na cewa gwamnati na sauraren wayar kowa, wasu na cewa gara haka saboda tsaro. Ni ban san gaskiyar wannan ba, ɗinki na sani. Amma na san ranar rajistar pus an sa Inna ta yi layi cikin rana, an karɓi katinta, an ɗauki hotonta, aka ce don a san kowa ne. To, ranka ya daɗe, in an san kowa, wane ne wannan? Kuɗin Baba ta hanyarku ya bi, a shagon wani wakilinku aka cire shi. Da na tambaya, aka ce mini sirrin mai lamba ne. Ikon Allah! Ɓarawo yana da sirri, muryar uwata ba ta da shi. Kuna ganinmu tsirara, mu kuwa ko inuwarku ba ma gani.

Ga roƙona. Ku rufe wannan lamba da asusun kuɗin da ke kanta. Ku miƙa wa komisariyar 'yan sanda sunan wanda ya yi rajistarta, na riga na kai ƙara. Ku daina sayar da lambar mamaci ba tare da an nemi magadansa ba, kuma ku yi shela a rediyo da Hausa, don ba mu kaɗai ke ajiye matattunmu a gurup ba.

Sai roƙo na ƙarshe, wanda ya fi mini nauyi. Kada ku rufe ta kwatsam. Ku sanar da ni ranar tukuna, in rufe shago in hau mota zuwa Matankari. Ranar da wayar nan za ta yi shiru, Baba zai sake binne matarsa, kuma wannan karon ni ce sanadi. Ina so in kasance zaune kusa da shi.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka zuri'a. In iyayenka na raye, Allah ya ƙara musu lafiya. In sun riga mu, Allah ya jiƙansu, ya sa kada wani ya tashe su.

Wassalam.

Salamatu tela,
Dogon Dutsi