Rawanin da Na Sa Ka Sauke

Zuwa ga aminina Agali,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko da yake ban san inda za ta same ka ba. Lambarka ta daina shiga tun kafin girbi, shi ya sa nake rubutawa a nan, a idon kowa.

Ka tuna zuwanka daga sansanin ƴan gudun hijira na Abala da buhun takalman fata, ka baza su a kasuwar Filinge? Ka miƙo mini shayi, ka ce malamin lakwal, ɗan boko, bai iya zama ba, kullum kamar ana korarsa. Shekara huɗu kana yi mini wannan tsiya.

Ni na kawo maganar fim. Na gaji da jin ɗalibaina suna cewa ƴan Mali suka kawo mana masifa, wai duk Buzu ɗan saƙon mutanen daji masu bindiga ne. Na ce zan ɗauke ka da waya kana ɗinki kana ba da labarinka, in nuna musu a aji. Ni ga mai ilimi!

Ka yarda, amma da rawaninka. Na nace sai ka sauke, don su ga fuska irin tasu. Ka kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ka ce, "Mushe, mu ba mu buɗe baki gaban mutane, abin kunya na." Na ce minti biyar kawai. Ka warware shi ba da son ranka ba. Na gani sarai, na ci gaba da ɗauka.

Na nuna fim ɗin a aji. Wata ɗaliba ta yi kuka inda kake faɗin yadda kuka binne mahaifiyarka a hanya. Don murna na tura wa duk wanda ya tambaya.

Da aka kai hari a hanyar Abala, wani ya yanke fim ɗin, ya bar inda ka ce ba ka san inda Mali ta ƙare Nijar ta fara ba. Ya rubuta a ƙasa: ga mai nuna musu hanya.

Ranar kasuwa samari suka tare ka, suka fizge rawanin, suna gwada fuskarka da ta cikin waya. Biyu ɗalibaina ne. Ina tsaye, Agali. Na ce su bari, da muryar da ko ni ban ji ba. Ka ɗauki rawanin daga ƙasa ka kakkaɓe, ba ka dube ni ba. Kasuwa ta gaba wani mai barkono ne a wurinka.

Ban ƙara nuna fim a aji ba. Ba na jin akwai hoton da zai gyara mu. Kunya nake ji, kuma ina kewarka ƙwarai, ɗan'uwana. Ba na neman ka yafe mini. In kana da rai, ka aiko ko da gaisuwa ta bakin wani.

Allah ya tsare ka da iyalinka, ya jiƙan mahaifiyarka. Allah ya sa inda ka sauka babu wanda ya ga fim ɗina.

Naka, in har yanzu ka yarda,
Idi