Gadar da Muka Juya Ni da Adam

Zuwa ga ɗiyata Widad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mijinki Izzuddeen da jikata Hanaa, Allah ya sa sanyin Holan bai matsa muku ba. Ni dai alhamdu lillahi, gwiwa ce kawai. Dawar hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, ta yi kyau bana, sai dai ƙauyen ya yi shiru, rabin gidajen unguwarmu har yau a rufe suke.

Na ga bidiyon da kika aiko. Wannan gadar da ta rabe biyu, kowane ɓangare ya miƙe sama kamar mai ɗaga hannu yana addu'a, na kalle ta ya fi sau goma. Ɗayar kuma, wadda ta tashi ɗungurungum tsakanin hasumiya biyu jirgi ya bi ta ƙarƙashinta, ban taɓa ganin irinta ba. Kin ce Hanaa na tambaya ko da gaske kakanta ya yi aikin kubri, wato gada. Ki ce mata e, shekara goma sha tara, a garin Kosti. Tamu ba ta tashi sama, juyawa take yi a kan ginshiƙi a tsakiyar kogi. Idan jirgin ruwa ya yi ƙara daga nesa, sai mu tsai da masu wucewa, mu zare makullai, ni da baffanki Adam mu yi ta juya ta har ta kwanta a tsawon ruwa, hanya ta buɗe hagu da dama. Fasinjoji su ɗaga mana hannu.

Adam, tun da muka bar aiki, kullum musu yake yi da ni, wai babu gadar da za ta tashi sama gaba ɗaya ba ta karye ba. Da na ga bidiyonki na yi dariya, na ce gobe Juma'a zan kai masa har gidansa a garin Hasahisa in kunyata shi. Da na isa na tarar da tabarmi a ƙofar gida. An yi jana'izarsa da hantsi. Matarsa Talatu ta ce bai yi jinya ba. Na zauna cikin masu gaisuwa, wayar na aljihuna, ban nuna wa kowa ba.

Kin daɗe kina roƙona in zo, ina cewa ba zan bar Adam shi kaɗai ba. To, ki fara nema mini takardun tafiya.

Ki gaida Izzuddeen da gwaggonki Sabah idan kun yi waya. Ki ce wa Hanaa ta riƙe Hausarta, domin da Hausa zan ba ta sauran labarin.

Mahaifinki,
Mati