Abin da Kika Faɗa Game da Hannun Kawu Ilu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, ina rubuto miki ne a kan wata magana da kika yi, ni kuma na ƙaryata.

A shekarun da jam'iyyu suka fito, muna ta yajin aiki, lise, makarantarmu ta sakandare, a rufe, ni kullum ina taron sandika, ƙungiyarmu ta ma'aikata, a Maraɗi. A lokacin ne hannun yayanki, Kawu Ilu, ya fara karkarwa har ludayi ya gagare shi. Na ɗauko shi daga Jiratawa na kai asibiti, domin ciwonsa ido yana gani.

Ke kuwa, da ba ki taɓa ambaton sunana ba saboda kunyar ɗan fari, kika fara kirana Issufu gatsau a gaban mutane. Na ce tsufa ne kawai.

Wata rana kina tsince gero kika ce: "Ciwona da na Yaya ɗaya ne. Shi ya fito masa a hannu, ni a ka." Na amsa da muryar wanda ya yi jami'a, cewa karkarwa daban, mantuwa daban. Kika ci gaba da tsince geronki.

Bayan rasuwarsa aka tsince ki a bakin garin Tsibiri da ƙwaryar fura, za ki kai masa. Na baro taro a kan kabu-kabu, na sake gaya miki ya rasu. Kika yi kuka kamar ranar farko. Sau uku na yi miki haka, ina ganin gaskiya nake karewa.

Kwanan nan na karanta cewa masu bincike sun gano wasu abubuwan gado da ke ƙara haɗarin cututtukan biyu, ta karkarwa, Parkinson, da ta mantuwa, Alzheimer. Ba su ce cuta ɗaya ce ba, kuma ban san abin da kuka gada ba. Amma kin fi ni kusa da gaskiya, Inna.

Rabi, autarki, ta fara maimaita tambaya. Jibi zan kai ta wurin likita. Jiya ta ce yaushe za ki dawo daga kasuwa. Ban gyara mata ba. Na jawo tabarma, na ce mu jira ki tare.

Ki yafe mini. Allah ya haskaka makwancinki da na Kawu, ya ba ni haƙurin da na hana ki.

Ɗanki na fari,
Issufu