Inda Ake Tsayawa

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Sallama irin ta baƙon da ya san ya yi laifi, ya kai littafina. Ka gafarce ni da na katse maka hutu, na zo maka da kuka maimakon waƙa. Jarrabawar Numerikal, darasin lissafin kusantar amsa, ta gabato, kuma wannan ne zama na ƙarshe da jami'a ta yarje mini. In na sake faɗuwa digiri ya tafi, kuma shugaban makarantarmu ta nan Yelwa ya ce dole ya karɓe ajin manya daga hannuna. Ni Atiku, da furfura a gemu.

Laraba, 7 ga Mayu
Babin farko tarihi ne, shi kaɗai nake so. Mutanen Babila sun nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da biyu, suka rubuta abin da ya kusa a kan allon yumɓu. Arkimidis ya matse da'ira tsakanin siffofi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, yana ƙara musu kusurwa har suka kusa haɗuwa. Al-Kashi na Samarkand ya zurfafa fiye da kowa a zamaninsa. Daga baya Niyuton ya zo da dabarar yin hasashe, a gyara, a sake gyarawa. Duk cikinsu ba wanda ya kama amsar a hannu. Suka mutu a hanya, kuma ake yabonsu. Abin da hankalina ya kasa haɗiyewa ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu
Na kira Dakta Jalaluddeen, malamin darasin. Ya ce, "Malam Atiku, ba rashin sani ke kayar da kai ba. An ce ka tsaya a gurbi huɗu bayan ɗigo, kai kuwa ka yi ta zuba lambobi a tambaya ɗaya har lokaci ya ƙare. Wa ya aike ka?" Na ce baitin da ya rasa gaɓa ɗaya ai karyayye ne. Ya ce shi ba karin waƙa yake dubawa ba.

Talata, 13 ga Mayu
Na gwada tsayawa. Hannu ya ƙi.
Ina bin ki, amsa, kamar mai bin inuwa,
Ki matsa, in matso, ba ranar gamuwa.
Matata Rahama ta leƙa takardar ta ce, "Malam, lissafin ne ya koma waƙa, ko waƙar ce za ta ba ka digirin?" Tana da gaskiya, abin da ya fi ciwo ke nan.

Asabar, 17 ga Mayu
Ruwan tafki ya ja baya, Inna mahaifiyata ta tayar da maganarta ta kowace shekara: a kai ta gungun, wato tsibirin da aka haife ta, wanda ruwan dam ya haɗiye tana budurwa, ta yi wa mahaifiyarta addu'a a kan kabarinta. Na ce karatu gare ni. Ta ce, "Ɗan nan, karatun ga naka ya girmi jikokina." Na tashi.

Dauda ɗan ƙaninta ya ɗauke mu a jirginsa. Ba alama a kan ruwa sai dutsen gabas da wani kututturen giginya. Inna ta ce mun wuce. Muka juyo, ta ce ba mu kai ba. Dauda ya koma tsakiya yana mita, "Gwaggo, man injin nan fa ba daga tafki nake ɗiba ba." Ta ce an ɗan gota. Aka sake raba tsakani. Nan na farga, hanyar raba tsakiya ce sak, wadda ke babi na biyu.

Sai ta ɗaga hannu ta ce a kashe inji. Na ce, "Inna, ba mu tabbatar ba. Kabarin zai iya zama can gaba kaɗan, bari a ƙara gwadawa." Ta dube ni ta ce, "Mi kaka so, in nutsa in taɓo shi? Rana na faɗuwa. In mun tsaya nema, yaushe za mu yi abin da ya kawo mu?" Ta buɗe tafukanta. Muka shafa tare.

Ban yi baiti a kan wannan ba. Na kasa.

Laraba, 21 ga Mayu
Gobe ne. Ya Allah, kada ka kunyata ni gaban yaran da na koyar.

Juma'a, 23 ga Mayu
An yi. A tambayar farko na kai gurbi na huɗu, na biyar yana kirana kamar mai kiran sallah. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, na juya shafi. Na taɓa dukkan tambayoyin. Ba na cewa na yarda da su Arkimidis. Lokaci ne kawai ya yi mini ƙaranci.

Da na fito na aika wa Dakta saƙo: "Ranka ya daɗe, na kai ƙarshen takarda. Ina roƙon a sanar da ni sakamako a rubuce da zarar ya fito, kafin shugabanmu ya raba azuzuwan zango mai zuwa." Ko baiti ɗaya ban sa ba, ban kuma sake karantawa ba kafin in tura.