Yanar Ido Ta Zo Kaina

Tiga,
2 ga Maris, 1991.

Zuwa ga Yaya Balarabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Zuwaira da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara.

Albishirinka, an yi wa Baffa aikin yanar ido a Kano, an ba shi tabarau mai kauri, yana gani. Amma wani abu ya tsaya mini a rai, gara in faɗa maka. Da muka dawo gida, abin da ya fara nema shi ne hotonka da ka aiko daga Legas. Ya daɗe yana kallo, yana cewa Balarabe bai tsufa ba ko kaɗan. Ni da na shekara huɗu ina ja masa gora zuwa masallaci, da ya juyo sai ya ce ashe haka na yi baƙi na rame. Na yi dariya a gabansa, amma ranar tuwo bai ciwu ba.

Likitan ya duba nawa idon, ya ce yanar ta fara a na hagu. Ya tambaya ko akwai masu ita a dangi, na ce Baffa, da Gwaggo Laraba, da kakanmu tun kafin ruwan dam ya ci garinmu. Ya ce tana bin jini, amma rana tana gaggauta ta, balle hasken da ke tashi daga kan ruwa, ga hayaƙin bandar kifi, ga taba. Tabar laifina ce, na daina. To, kwale-kwalen da nake kamun kifi da shi fa? Jininmu ɗaya, ka girme ni da shekara biyar. Kai aka bari ka ci gaba da makaranta, ni aka tsayar a firamare aka miƙa mini komar kamun kifi. Audu direba ya ce kana ofis ƙarƙashin fanka, kana karanta jarida ba tabarau. Allah ya sani ba na nufin ka da sharri, amma ina ƙyashin idanunka, Yaya.

Duk da haka kai ma ka je a duba ka, kada zaman inuwa ya ruɗe ka. Kuma ka daure ka zo da ƙaramar sallah, in gan ka tun ina iya bambance ka da baƙo daga nesa.

Baffa da Gwaggo Laraba suna sa maka albarka, mai ɗakina Barakatu tana gaishe ku. Ka gai da Zuwaira da kyau.

Naka ƙaninka,
Rufa'i