Tsagar Bangon Gidan Kawu

Innata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafar, ta rage kumburi? A gaida su Yaya.

Inna, na jawo wa kaina. Malaminmu na aikin jarida ya sa kowa ya buɗe bulog, wato shafi a intanet, yana rubuta abin da idonsa ya gani, a kai za a ba mu maki. Ni uwar iyayi sai na ɗauki hoton tsagar bangon benen Kawu, wadda hannuna ke shigewa ciki, na rubuta yadda telar da ke haya a ƙasa take kwantar da jaririyarta a gindinta. Na zaci daga Malam sai 'yan aji ke karantawa. Ashe koriyar ƙofarmu ta fito a hoton! 'Yan haya suka yi ta tura wa juna har ya faɗo wayar Kawu.

Tun ranar bai amsa gaisuwata ba.

Autarki

Inna,

Ina fatan kin tashi lafiya. Na ji saƙonki cewa in goge in ba ɗan'uwanki haƙuri. Wallahi na so. Amma dokar Malam ita ce abin da aka wallafa ba a goge shi, wanda ya goge ya faɗi darasin. Gyara kawai ake ƙarawa, idan an yi kuskure. Na je ofishinsa har da hawayena, ya tambaye ni ko ƙarya na rubuta. Ba ƙarya ba ce, sai na juyo na fito.

Kawu kuma ya kawo magini ya shafe tsagar da siminti, aka bi da fenti. Ya ce in ɗauki sabon hoto in rubuta an gyara, ko in nemi wurin zama. Inna, ina ganin zaren tsagar yana dawowa ta ƙarƙashin fentin. Telar ma ta mayar da katifar yarinyar wurin, wai tana jiran abin da zan rubuta, tunda ni ce 'yar jarida.

Ina tsoron Kawu, ina jin kunyarsa, shi ya riƙe ni tun shigata jami'a.

Autarki

Innata,

Ina gaisuwa, in har za ki amsa.

Na ɗauki hoton. Na rubuta cewa fenti aka yi, bango yana nan yadda yake. Telar ta kwashe 'yarta ta koma shago. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai miƙo hannu na sa masa makulli.

Yau Malam ya karanta rubutun a gaban aji, aka yi ta tafa min, wata har da guɗa. Ni kuwa ina danne jakar kayana da ƙafa a ƙarƙashin benci, kada a gani.

An tashi, kowa ya tafi gida. A ajin nake rubuto miki. Ki kira ni, Inna, ko zagi ne.

Taki har kullum,
Auta